Shafi Goma Sha Huɗu na Kyaftin Orme

Duk yaron da ya taso a Ingila tsakanin 1954 da 1969, ya kuma taɓa ɗaga kai ya kalli taurari, Mista Aubrey Crannock ne ya ɗaga masa haɓa. Maganar ba ta buƙatar shaida. An rubuta ta da manyan haruffa a ƙofar zauren baje koli na bakin teku a garin Hastings, kuma Mista Crannock da kansa ya duba rubutun kafin a kafa shi.

Shi ne editan Tashar Wata, mujallar labaran zane da take fitowa duk Alhamis a wancan zamani, labari biyar a kowace fitowa, duka na kumbo da mutum-mutumi da duniyoyin da ba wanda ya taɓa takawa. Mujallar ta mutu tuntuni. Ainihin kwalayen da aka yi zanen a kansu suna hannunsa, kuma ranar Asabar zai baje su sau ɗaya tak, daga nan su wuce wata jami'a a Amurka, inda za su zauna da sunansa har abada.

Ranar Alhamis da safe aka bugo waya caji ofis. Shafi goma sha huɗu sun yi ƙafa.

Sufeto Clive Hebden ya iso ƙarfe tara da rabi, Saje Maureen Tully tana biye da shi da littafin rubutu. Shekararsa arba'in da takwas, kuma ya daɗe da daina mamakin komai. Amma da ya shiga zauren ya yi ido huɗu da Kyaftin Orme, jarumin mujallar, a bangon wata tsohuwar fitowa, tsaye da bindigar haske a ƙofar kumbonsa, sai ya samu kansa yana gyara wuyan riga.

"Kun san juna ne, yallaɓai?" in ji Saje Tully.

"Mun yi zaman shekara bakwai tare. Ke dai rubuta abin da ya kawo mu."

Mis Odell, mai kula da zauren, ta kai su bangon da aka yi wa ɓarna. Da alama ta yi kuka ta gama kafin su zo.

"Laraba rabin rana muke yi," in ji ta. "Ƙarfe ɗaya na kulle. Kafin nan mun yi wa tsofaffin ma'aikatan mujallar ɗan shayi, su ga kayan kafin jama'a."

"Su wa suka zo?"

"Mista Crannock. Mista Moxon, wanda yake rubuta maganganun cikin zanen a da. Sai wasu biyu da motar gidan tsofaffi ta kawo ta kuma mayar, ɗayan ma barci ya yi tun daga farko. Sai wata tsohuwa da ba mu gayyata ba. Ta tsaya gaban bangon nan kusan minti ashirin, ta tafi ko biskit ba ta taɓa ba."

"Sunanta?"

"Ta rubuta a littafin baƙi, har da adireshi. W. Tapsell."

Ba a fasa komai ba. Ƙofar baya daga ciki ake buɗe ta, kuma an ja ta ta rufe. Firam goma sha huɗu suna rataye a wurarensu, babu komai a ciki, ko ɗaya bai karkace ba. Ƙusoshin bayansu suna cikin wani farantin shayi a kan tebur, manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Saje Tully.

Hebden ya zaga zauren. Bangunan mujallar masu launi, waɗanda masu tara irin kayan nan za su sayar da mota a kansu, suna nan ba a taɓa su ba. Abin da aka ɗauka shafukan ciki ne, baƙi da fari, kuma duka daga labari ɗaya, wanda Kyaftin Orme ya shiga birnin ƙarƙashin ƙanƙara. Ya sunkuya ya karanta katin da ke ƙasan wani firam. Labari da tsari, A. Crannock. Mai zane, ba a sani ba.

Mista Crannock ya karɓe su a falonsa mai kallon teku, da lofe a hannu, kamar wanda zai raba musu lambar yabo.

"Sufeto, ba ni aka yi wa sata ba. Ingila aka yi wa."

"To, Ingila ta san wanda ya zana shafukan?"

"Mai zane hannu ne kawai. Ni nake rubutawa, hoto na ɗaya kumbo ya sauka, hoto na biyu ƙofa ta buɗe, hannu ya bi. Mun yi hannaye sun fi arba'in, wasu ma a Sifen suke, ta gidan waya aikinsu yake zuwa. Wa zai riƙe sunayensu?"

"Ba sa sa hannu a aikinsu?"

"Suna sawa, don taurin kai. Amma dokar kamfani ce ba a buga sunan kowa. Ka buga sunan mai zane yau, gobe wata mujalla ta ɗauke maka shi. Shafi yana isowa ofis, Moxon zai manna maganganun, ya bi sunan da farin fenti, sannan a kai maɗaba'a."

"Naka dai yana fita."

"Ai dole wani ya ɗauki alhakin abin."

"W. Tapsell fa? Ta zo shayin jiya."

Mista Crannock ya duba cikin lofensa, ya ɗan daɗe yana dubawa.

"Ban san sunan ba. Garin nan in ka ɗora buta, tsofaffin mata daga ƙasa suke tsirowa."

A mota Saje Tully ta ce, "Ni dai shi nake zargi. Ya sace kayansa don ya shiga jarida."

"Kin ga hannunsa? Mutumin nan bai taɓa kwance ƙusa ba tun da aka haife shi. Da shi ne, da ya bar mana katinsa a wurin."

Misis Winifred Tapsell tana zaune a saman wani shagon wanki, ɗaki biyu da kicin. Shekararta saba'in da shida, gilashin idonta kamar gindin kwalba.

"Na yi aiki da su, e. Tafireta nake bugawa."

"Mai tafireta ta tsaya minti ashirin gaban bango ɗaya?"

"Ƙafafuna ne suka gaji, ɗan nan. Kai ma za ka zo wurin."

Idon Hebden yana kan wani ƙaramin zane da ke rataye kusa da taga, tashar jiragen masunta da sanyi, ƙanƙara ta rufe duwatsun. Ya tashi ya matsa kusa.

"Na san wannan ƙanƙarar," in ji shi. "Ina ɗan shekara goma na kwafe ta a bayan littafin lissafi. Bulala shida na sha."

Tsohuwar ta gyara zama, bayanta ya miƙe.

"Da me ka yi?"

"Da biro."

"Shi ya sa. Ai ka cancanci bulalar. Da tsohon buroshin haƙori ake yi, ka shafe wurin da baƙi, ka fesa farin da babban yatsa."

"Me ya sa kika ce tafireta?"

"Shekara arba'in ana ce mini in ce haka. Baki ya saba." Ta cire gilashin ta goge da gefen riga. "Shekara goma sha ɗaya na zana Orme. Shafi biyu kowane mako, a kan teburin kicin, 'ya'ya biyu suna ja mini ƙafa. Ranar Lahadi in naɗe, Litinin da safe in kai tashar jirgin ƙasa. Aubrey ya ce yara maza ba za su sayi kumbon da mace ta zana ba, don haka ko ofis ba na zuwa sai da dalili. Haɓar Orme ma ta mijina ce, shi kuwa bas yake tuƙawa."

"Mista Crannock ya ce bai san sunanki ba."

"Ya san shi duk ranar da aiki ya makara."

"Ke kika ɗauki shafukan, Misis Tapsell?"

Ta miƙo hannuwanta. Yatsun sun kumbura sun lanƙwashe.

"Da waɗannan? Murfin kwalba ma sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabciya. Bas ɗin ƙarfe ɗaya da minti biyar na hau, direban ya san ni. Na je ne in gan su kafin su ƙetare ruwa. Na gan su, na karanta katin, na dawo gida."

"Mista Moxon fa?"

"Stanley? Rabona da shi tun da aka rufe mujallar. Jiya ma bai gane ni ba."

Hebden ya nemi ruwan sha, ya ce kada ta tashi. A kicin ya tsaya. Kowace kwalba da kowane gwangwani da 'yar farar takarda a jiki, an rubuta da manyan haruffa don mai raunin ido. SHAYI. SUKARI. MAGANIN SAFE. Tawadar sabuwa ce. Rubutun kuwa ba sai an gaya masa na Moxon ba ne, da shi Kyaftin Orme ya yi masa magana duk Alhamis shekara bakwai.

Suna saukowa rediyon mota ya ce Mis Odell tana neman su.

Ta tarye su a ƙofa ta ja su wani lungu na zauren, nesa da bangon da aka yi wa sata, gaban wani shafi na labarin mutum-mutumi.

"Wataƙila ba komai ba ne. Kun ga maganar da ke saman kan wannan? Ba a jikin zanen ake rubuta ta ba. A wata 'yar takarda ake rubutawa, a yanke, a manna. Balan-balan suke ce mata. Gam ɗin ya tsufa, suna faɗowa. Wannan tun Litinin ta faɗo ƙasan firam ɗin, Mista Crannock ya hana a buɗe. Har jiya da na kulle tana can ƙasa."

Yanzu tana saman kan mutum-mutumin, daidai bakinsa. Hebden ya sa aka sauke firam ɗin, ya kai hanci gefensa. Ƙamshin sabon gam.

"Bari in gane," in ji Saje Tully. "Mutum ya ɓuya har aka kulle, ya kwance firam goma sha huɗu, kaya suna hannunsa, ƙofa tana gabansa. Sai ya ajiye komai ya zo nan ya yi gyara?"

"Da gam ɗinsa a aljihu."

"Wane irin ɓarawo ne wannan?"

"Wanda ya yi shekara goma sha biyar bai taɓa barin shafi ya wuce shi da aibi ba. Tada mota."

Mista Stanley Moxon ya buɗe musu ƙofa da ƙarfe huɗu na yamma, ɗan gajere, sanye da rigar sanyi mai maɓalli, shekara saba'in da ɗaya. Ya zaunar da su a falo, ya kawo shayi.

"Ɗaya saura kwata na fita daga zauren jiya," in ji shi. "Na sayi kifi da dankali na zauna bakin ruwa, tsuntsaye suka cinye rabi."

"Misis Tapsell fa? Kuna haɗuwa?"

"Winnie? Tana raye ma?"

"Har yanzu kana taɓa aikin?"

Ya ɗaga hannuwa, suna rawa sosai. "Ka gani, Sufeto. Shekara ashirin ban riƙe alƙalami ba."

Ya sauke hannun ya zuba musu shayi, kofi uku, ko ɗigo bai taɓa faranti ba.

Hebden ya kurɓa, ya juya wurin Saje Tully kamar ya manta da mai gidan.

"Ina ganin yaran gari ne. Ba wanda ya san aiki da zai yi abin da aka yi wa shafin mutum-mutumin nan."

"Me aka yi masa?" in ji Moxon.

"An mayar da balan-balan ɗin da ta faɗo. A karkace. Gam ya tsiyayo ta gefe, wutsiyar kuma tana nuna kunnen mutum-mutumin maimakon bakinsa. Abin kunya."

"Kunne?" Moxon ya ajiye buta. "Ka je ka sa gilashi, malam. Layin fensir na asali yana nan a ƙasa tun 1958, a kansa na ɗora ta, ko rabin gashi ba ta kauce ba. Gam kuwa ban taɓa bari ya..."

Ya tsaya. Saje Tully ta rubuta wani abu ta ja layi a ƙasa.

"Ba a karkace take ba, ko?" in ji Moxon.

"A'a. Aiki ne mai kyau ƙwarai."

"To, da sauƙi." Ya tashi. "Ku zo. Amma kada ku taɓa komai da wannan hannun naku na shayi."

A ɗakin cin abinci an ja labule don kada rana ta taɓa su. Shafukan suna shimfiɗe a kan tebur da kujeru, kowane da farar takarda a ƙasa. Gefe guda ga auduga, ga ɗan ruwa a faranti, ga reza, ga gilashin ƙara girma. Hebden ya sunkuya kan na farko. Birnin ƙarƙashin ƙanƙara, ninki biyu na yadda ya san shi. A kusurwar dama ta ƙasa, inda tun yana yaro ya san fari ne fes, ga 'yan ƙananan haruffa baƙi wuluk. W. Tapsell, da shekara.

"Duk Litinin nake shafe sunan nan," in ji Moxon. "Shekara goma sha ɗaya. Wasu a sana'ar kankarewa suke yi da reza, ya fi sauri. Ni ban taɓa kankare na kowa ba. Fenti mai ruwa nake sawa, siriri, shafa biyu. Kada ka tambaye ni dalili, a lokacin ni ma ban sani ba. Shafinta ya fi dubu. Da ruwa ya ci ɗakin ajiyar kamfanin, da su aka toshe ƙofa. Waɗannan goma sha huɗun su ne suka rage a duniya."

"Ka roƙi Mista Crannock?"

"Jiya, wurin shayi. Na ce Aubrey, ga ta can tsaye, idonta ya kusa tafiya, sa sunanta a katin. Ya ce ba ya tunawa, kuma jami'a ba ta karɓar magana sai da shaida. Na ce a raina, ai shaidar tana nan, ni na rufe ta. Na shiga bayi na zauna har na ji an kulle."

"Ta sani?"

"Ba ta san komai ba. Ƙaryar da ta yi maka ta tsohon sabo ce. Duk Juma'a nake kai mata cefane in karanta mata wasiƙu, ba ta son a sani, wai za a yi da mu. Gobe da safe na yi niyyar in mayar da su. Goma sha uku na gama." Ya nuna na ƙarshe, kusurwarsa fari fat. "Saura wannan."

Doka a nan ba ta da rikici. Kayan shaida ana ɗaukarsu yadda aka same su. Hebden ya san haka, ya ma taɓa koyar da shi.

"Saje, shayin nan ya huce. Je ki sake ɗora buta."

"Minti nawa za ta ɗauka kafin ta tafasa, yallaɓai?"

Hebden ya kalli Moxon.

"Ashirin da biyar," in ji tsohon.

"Tsohuwar buta ce," in ji Hebden.

Moxon ya zauna, ya jiƙa auduga, ya matse ta. Hannun da yake rawa ɗazu ya tsaya cak. Hebden ya tsaya a bayansa da hannu a aljihu yana kallon farin yana tashi kaɗan kaɗan, har harafin farko ya leƙo.

Da aka gama ya buga wa Mista Crannock waya daga falo, ya gaya masa an samu kayan, da abin da aka samu a jikinsu.

"Tapsell. Af, Winnie kake nufi. Winnie Tapsell ai ni na gano ta, Sufeto, ni na ba ta dama lokacin da ba mai kallon mace a sana'ar. Dama niyyata ranar Asabar in bayyana ta ga duniya. Moxon ya ɓata mini shiri."

"Ke nan za a janye ƙarar?"

"Ina. An shiga wuri ba izini, an taɓa kayan tarihi da ruwa da reza. In aka bar wannan, gobe kowa ya zo da audugarsa. A bi doka."

Hebden ya ajiye wayar. Moxon yana tsaye a bakin ƙofa yana goge hannu da tawul.

"Ya faɗi sunanta?"

"Sau biyu."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"To, mu je."

Hebden ya karanta masa haƙƙinsa, ya gaya masa tuhumar. Sata, da lalata dukiyar wani. Saje Tully ta tambayi me za ta rubuta a matsayin abin da aka lalata, ya ce ta rubuta farin fenti. Ba ta fito da ankwa ba. Moxon ya wanke farantin ruwan ya kife, ya kashe hita, ya sa kwat. Da ya ga yadda take shirin tattara shafukan sai ya dakatar da ita.

"Fuska da fuska, 'yar nan, takarda a tsakani. Kuma a kwance, ba a tsaye ba."

Ya shiga bayan motar ya ja ƙofar a hankali, don kada maƙwabta su fito.

An ɗauki hoton shafukan, aka mayar da su kan lokaci. Ranar Asabar aka buɗe baje kolin da sababbin katuna goma sha huɗu. Misis Tapsell ta zauna a layin gaba da hularta ta zuwa coci, manyan mutane masu furfura suka yi layi da tsofaffin mujallu tana sa musu hannu a hankali, da alƙalami a dunƙule cikin tafi. Sufeto Hebden shi ne na tara a layin. Mista Crannock ya yi jawabin minti arba'in a kan yadda ya gano ta.

Mista Moxon bai samu shiga ba. Sharaɗin belinsa ya hana shi kusantar zauren da ƙasa da yadi ɗari biyu. Ya auna da ƙafa daga ƙofa, ya tsaya a tsallaken titi cikin yayyafi daidai inda awon ya ƙare, har ya ji an gama tafi, sannan ya nufi tashar bas.